Zuwa ga Yaya, daga Jidda

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. A gaishe min da Inna da Baba da kyau. Mu nan lafiya lau, sai zafi da kewar gida.

Ke zan faɗa wa, don bakina ba zai iya da Inna ba. Cikin ya shiga wata bakwai, kuma mun tsayar da magana da Malam gida zan zo goyon ciki. Laraba ta sama zan sauka Kano in Allah ya yarda, tafiyar kusan awa 5 ce. Likitar da nake awo wurinta ta ba ni takardar hawa jirgi, domin in ciki ya haura mako 28 sai da ita, in ya kai 36 kuwa yawancin jirage ba sa ɗauka. Saurin ke nan.

Labari ya iso ni wai ana cewa sakina aka yi, wasu kuma wai kamo ni aka yi za a dawo da ni. Ranar da na ji ban runtsa ba. Igamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, na nan da ranta, Malam ya yi min bizar fita da dawowa, kuma riyal 400 yake biya wa gwamnati a kaina duk wata, bai taɓa fashi ba. Wanda ya gaji da mace ne zai yi haka? Ki faɗa wa Gwaggo, na san daga ɗakinta zancen ya fito.

Jiya na tura kuɗi asusunki. A sayi ragon suna yanzu a ɗaure a gida kafin ya yi tsada, sauran a yi wa ɗakina na da fenti, a sayi itace da gero da gidan sauro sabo. Kada ko sisi ya bi ta hannun Auta. Kuɗin simintin bara har yau ban ga buhu ɗaya ba ko a hoto.

Ƙafafuna sun ɗan kumbura, silifan Malam nake ja a cikin gida. Ba wani abu ba ne, kada ki gaya wa Inna. Sai dai likita ta ce jinina ya ɗan hau, da na yi mata bayanin kunun kanwa ta ce in bar shi. Ki fara lallaɓa min Inna tun yanzu. Wankan jego zan yi har arba'in, amma a surka ruwan, kuma a asibiti zan haihu. Kar ta ɗauka zaman waje ne ya sa na raina abin da ta yi mana.

Shekara uku ban sa ta a ido ba, Yaya. Da ta kwanta ke kaɗai kika yi jinya, ga shi yanzu zan zo in ɗora mata wata hidimar. Abin yana cin raina. Amma danwakenta nake mafarki, wallahi.

A ɗauko shatar mota daga filin jirgi zuwa Gumel, ba zan iya cunkoson motar haya ba. Kuɗin shatar na ciki, ki ware shi, kuma ke za ki biya direban da hannunki, ba Auta ba. Ki turo min awon rigar 'yan matanki kafin Lahadi.

Ƙanwarki.