Gaisuwar Kirsimeti zuwa gida, da maganar keɓewar Auta

Mancesta, Ingila
Jajiberen Kirsimeti

Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da ganin wannan Kirsimeti. Yaya sanyin hunturu, yaya ƙafar Baba? Ina lafiya lau, yara da babansu ma haka, duk suna gaishe ku. Nan kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, kuma gobe ina da aikin dare a asibiti, don haka sujadar safe kawai zan samu. Na san yanzu Mama na gaban kasko tana suyar cincin, Zumuntar Mata kuma sun karɓo ankonsu daga wurin tela. Ku ci nawa rabon shinkafar.

Amma ba kewar gida ce ta zaunar da ni rubutu ba, maganar Auta ce.

Na kalli bidiyon keɓewarsu ga aikin fasto da aka turo mini ta WhatsApp. Mai ɗaukar bidiyon hannunsa na rawa, ganga da tulu sun cika wuri, amma na ga abin da nake nema. Na ga sun durƙusa a jere, shi da 'yan'uwansa sababbin fastoci, manyan limamai sun kewaye su sun ɗora musu hannu. Na ga matarsa a bayansa da goyo, ta sunkuyar da kai. Na kuma ga Baba ya cire hula yana share fuska da ita, abin da ban taɓa gani ba ko a ranar aurena. Yaron da muka goya, wanda ya tafi Kagoro karatun tauhidi da akwatin ƙarfe, yau shi jama'a ke kira Malam. Mun gode wa Allah.

Tun ranar, mutane daga dangi sun yi ta kirana a waya, kuma kusan maganarsu ɗaya ce: tunda ya zama fasto, in nema masa hanya ya zo Ingila, ai coci-cocin nan na neman ma'aikata, ga albashi mai tsoka. Na san ƙauna ce ta sa, kuma na san halin da ƙasa ke ciki, da tsadar abinci, da tsoron hanya. Amma Baba, Mama, ina roƙonku kada ku bari a riƙa zuba masa wannan magana a kunne. Ba takardar neman aiki ya karɓa ba. An tambaye shi a gaban ikilisiya ko zai je duk inda aka aike shi, ya ce i da bakinsa, an kuma aike shi ƙauyen da ba wutar lantarki, masu bi ba su cika benci biyar ba. In muka fara jan rigarsa tun bai kwance kaya ba, da wace zuciya zai zauna? Baba ne ya koya mana cewa mai riƙe da garma in ya cika waiwaye kunyarsa karkacewa take yi, kuma abin da Ubangiji ya faɗa ke nan a ƙarshen sura ta 9 ta Luka.

A ƙarshen watan Yuni na je babbar majami'ar Anglikan ta garin nan, lokacin da suka saba naɗa sababbin ma'aikata. Wata abokiyar aikina ce ta gayyace ni, ita ma tana cikin waɗanda za a naɗa. Su a tsarinsu mutum dikon yake fara zama, sai bayan kamar shekara a mai da shi firist, kuma tun 1994 suke naɗa mata firistoci. Abin da ya kama ni shi ne shekarunsu. Akwai masu furfura a cikin layin, mutanen da suka ajiye aikin da ya fi wannan kuɗi nesa ba kusa ba. Bishop ya yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa nauyin nan ya fi ƙarfinsu, sai da alherin Allah. Daga nan ya juya ga jama'a ya tambaye mu ko za mu riƙe su da addu'a, mu tallafe su. Muka amsa da murya ɗaya. A nan na gane cewa ranar keɓewa ba su kaɗai ke ɗaukar alkawari ba, har da mu da ke kan benci. Haka aka yi a Antakiya a zamanin manzanni: ikilisiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu, sannan ta sallame su.

Kuma mu 'yan ikilisiyar ECWA bai kamata mu manta daga ina muka fito ba. A Disamban 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasarmu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida, ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Bingham ya koma da ciwo, amma bai saki ba, har aka kafa tashar mishan a Patigi a 1902. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Bayan Turawa kuwa, namu ne suka shiga ƙauyuka a kan keke, suna noma da rana suna koyar da karatu da fitilar ƙwai da dare. Irinsu ne ya zo garinmu a zamanin Kaka, ya tsufa a can, a can aka binne shi. Da ya tashi neman wuri mai daɗi, da wa zai yi wa Baba baftisma?

Ina da roƙo ga Mama musamman. Matar Auta ba a ɗora mata hannu ba, amma kiran ya hau kanta. Ita za ta dafa wa baƙin da ba su yi sallama da zuwa ba, ita za ta jagoranci mata alhali yarinya ce, ita za ta yi shiru ranar da baikon Lahadi bai kai kuɗin mudun masara ba. Mama ki riƙa kiranta, ba don tambayar jika kawai ba. In an sussuke dawa a ware musu buhu.

Ni kuma ga nawa. Daga Janairu zan riƙa tura wani abu kowane wata ta hannun Yaya, a haɗa har ya isa sayen babur, don an ce garuruwan da zai riƙa zagayawa suna da nisa da juna. Kada a gaya masa sai ya cika. Kuɗin akuyar Kirsimeti kuma na riga na tura, a kai wa gwauraye da maƙwabtanmu Musulmi nasu kason kamar kullum.

Ku gaishe mini da Kawu, da Gwaggo, da dattawan ikilisiya. In Auta ya samu sabis a wayarsa gobe bayan sujada, a ce masa ya kira ni kafin in tafi aiki, ina so in ji yadda wa'azinsa na Kirsimeti na farko ya kasance.

Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya.

Taku,
'Yarku ta fari