Wasiƙa daga Mancesta, saura kwana 9 jarrabawa

Mancesta, Ingila
Daren Lahadi

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya jikin Hajiya, ya kuma fama da jama'a a asibiti? Na so in tambaye ka sanyi, amma tun da na zo garin nan na daina kiran hunturun Kano sanyi. Saƙonka ya iso tun ranar Laraba, ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Ka tambaye ni inda nake karatu, tunda kai ma kana shirin biyo sahu bayan Sallah. To gyara zama.

Gidan da na sauka mu bakwai ne, duk likitoci, duk jarrabawar PLAB 2 ta kawo mu, wato wadda likitocin ƙasashen waje ke yi don samun izinin aiki a Birtaniya: 'yan Najeriya uku, 'yan Pakistan biyu, ɗan Sudan ɗaya da wani Bamisire. Bangon ɗakunan kamar kwali yake. In maƙwabcina ya yi atishawa, ni ke yi masa addu'a daga kan gadona. Ga shi kowa yana bitar yadda zai yi magana da marar lafiya da ƙarfi har ƙarfe ɗayan dare. Kwana uku na yi na ce a'a, wannan ba wurin karatu ba ne, na saɓi jaka na shiga gari neman inda babu hayaniya.

Farko na je babban laburaren gari da ke dandalin St Peter's, inda jirgin ƙasa na cikin gari yake tsayawa. Gini ne zagayayye kamar rumbu, an buɗe shi a 1934, aka yi masa kwaskwarima aka sake buɗewa a 2014. Ba a biyan ko kwabo, ba wanda zai tambaye ka takarda, ga ɗumi, ga intanet. Ka hau bene ka shiga babban zauren karatu, ka ɗaga kai ka ga ƙubba. Wallahi na jima a tsaye ina kallo kamar baƙauye. Sai dai ƙubbar nan ba ta da sirri. Ranar farko biro na ya faɗi ƙasa, na ji ƙararsa ta zagaya zauren ta dawo mini ta baya. Da tari ya kama ni kuwa, sai da na haɗiye shi har hawaye suka zubo, don kada mutum ɗari su ɗago kai lokaci guda. A nan na yi mako guda ina haddace magunguna da ƙa'idojin aikinsu, kuma na ƙaru. Ka dai riƙe cewa ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Na leƙa laburaren John Rylands a titin Deansgate ma. Matar wani attajirin auduga ce ta gina shi don tunawa da mijinta, aka buɗe a 1900. Ka san garin da kuɗin auduga ya tashi, har tamu ta Funtuwa da Zariya a wannan yankin take ƙarewa a zamanin Turawa. Wurin kamar tsohuwar majami'a, ga tsofaffin littattafai har da na Larabci. Ka je ka ba idonka abinci, amma masu yawon buɗe ido da ɗaukar hoto ba za su bar ka ka natsu ba. Akwai wani kuma wai shi Chetham's, tun 1653 yake, shi sai ka yi rajistar ziyara tukuna. Ban je ba.

Kuskurena ban gane shi ba sai ranar da ɗan Sudan ɗin nan ya ce in zo mu gwada. Ya zauna a matsayin mai ciwon ƙirji, ya saita agogo. Mutumina, komai yana kaina, amma bakina ya ƙi. Na yi ta in'ina, na jero masa tambayoyi kamar ɗan sanda, minti 8 suka cika ban ko kai ga faɗa masa abin da ke damunsa ba. Ya kalle ni ya ce, "Dakta, kai ka zo rubuta jarrabawa ne, mu kuwa mun zo yin hira."

Gaskiya ya faɗa. A jarrabawar, ɗaki 16 za ka shiga ɗaya bayan ɗaya, a ba ka minti ɗaya da rabi a bakin ƙofa ka karanta abin da ake so, sannan minti 8 a ciki, yawanci da ɗan wasan kwaikwayo da ya zauna a matsayin marar lafiya. Ana duba iliminka, ana kuma duba yadda ka saurare shi, da ko ka bar shi ya gama magana, da ko ka tambaye shi abin da yake tsoro. Mu da muka saba ganin mutum sittin kafin azahar, wa ya koya mana wannan? Ashe hayaniyar da na guda a gida ita ce karatun. Ni na tafi neman inda ba a magana, alhali abin da nake bukata shi ne inda zan yi ta surutu ba mai cewa na haukace.

Na gwada shagon shayi, amma in ka juya kuɗin kofi ɗaya zuwa naira sai shayin ya fita ranka, kuma ba ka iya tambayar abokinka launin bayan gidansa alhali wata tana cin kek a teburin kusa. Masallacin unguwarmu yana da daɗin zama, sai dai ana rufewa tsakanin salloli, kuma ban ga dacewar in mai da shi ɗakin duba marasa lafiya ba. Af, batun salla: rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan nan, azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke zuwa. Ka tsara karatunka a kan haka.

Yanzu wurina shi ne lambun Platt Fields, kusa da unguwar Rusholme mai gidajen abincin 'yan Pakistan da Larabawa. Da hantsi nake zuwa, riga huɗu a jikina, in maƙala abin sauraro a kunne don a zaci waya nake yi, in yi ta zagaya tafkin ina magana. Shekaranjiya na zauna a benci ina gwada yadda ake sanar da mutum cewa an gano masa ciwon daji. Na sassauta murya, na yi shiru inda ya kamata, ba kowa a gabana sai agwagi. Ashe wata tsohuwa mai jan kare ta tsaya a bayana tana ji. Ta matso ta tambaye ni ko lafiya. Da na yi mata bayani ta yi dariya, ta ce lokacin da aka faɗa mata na mijinta, likitan bai ko zauna ba. Ta ce in riƙa zama. Ta ja karenta ta wuce, ni kuwa na kasa ci gaba da bitar ranar.

Da yamma kuma na koma cikin 'yan gidanmu, muna karɓa-karɓa a kicin: yau kai ne likita, gobe kai ne mai ciwo, wani ya riƙe agogo. Bamisiren nan ya iya kwaikwayon mai fushi har sai ka ji gabanka ya faɗi.

Don haka tun kana gida ka samu mutum biyu ku fara, ko ta waya ce. Abin haddacewa ka gama da shi a Kano. In za ka taho ka sayi takalmin da ruwa ba ya shiga, don yayyafin garin nan ba ya gajiya. Kada ka wahalar da kanka da kilishi, ba a shigowa da nama. Yaji da kuka dai ka ƙunso da yawa, nawa ya kusa ƙarewa.

Ka gaida Hajiya, ka ce ina roƙon addu'arta ranar Talata ta sama. Ka shafa mini kan yara.

Naka,
abokinka na Mancesta