Godiya ga cibiyar da ta sa na koma barci da damina

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan saƙon sai yau Allah ya yi. Naku ne ku ma'aikatan cibiyar nan da ke duba masu damuwa da firgici ta intanet, musamman Malamar da aka haɗa ni da ita, wallahi ban san da wane baki zan gode mata ba.

Ni a Gwange nake cikin Maiduguri. Daren da dam ɗin Alau ya ɓalle, wayewar 10 ga Satumba 2024, da kayan jikinmu kawai muka fita, ruwa har ƙirji, autana a goye ina jin yadda ruwan ke jan zanina, sai a sansanin Bakasi muka tsinci kanmu. Daga baya mun dawo gida an gyara abin da za a iya gyarawa, kowa na cewa a yi haƙuri, ni ma ina cewa alhamdulillah. Amma da damina ta zagayo sai abu ya dawo min sabo. Hadari na haɗuwa zuciyata ta dinga dukan uku-uku, hannuna na rawa, in tashi yara cikin dare in sa musu takalma mu zauna bakin ƙofa. Maigida ya yi lallashi har ya gaji ya fara faɗa, muka koma kullum cikin rigima.

An ce min in je asibitin ƙwaƙwalwa na kan titin Baga, gaskiya kunya ce ta hana ni, kada a gan ni a fara cewa matar wane ta taɓu. Ƙanwata ce ta turo min lambarku.

Abin da ya fi burge ni, Malama ba ta tsaya kan "ki yi haƙuri" ba, aiki ta ba ni kamar 'yar makaranta. Ranar farko ta ce ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, jikina ne ya riƙe tsoron daren nan yake ɗauka duk ƙarar ruwa a kwano ambaliya ce. Ta koya min in shaƙi iska ina ƙirga 4, in saki a hankali ina ƙirga 6, sannan in ambaci abu 5 da nake gani a ɗakin, 4 da zan iya taɓawa, 3 da nake ji, har hankalina ya dawo inda nake. Ta sa na sayi littafi ina rubuta tunanin da ya zo min, kamar "yau ma ruwa zai cinye mu", a gefe in rubuta mene ne hujjata. Wanda ya fi min wuya shi ne sauraron ƙarar ruwan sama a waya, minti 2 muka fara da shi ina kuka tana kan layi, muna ƙarawa kaɗan-kaɗan duk sati. Kuma ba ta taɓa cewa in bar azkar ɗina ba, cewa ta yi in haɗa duka.

Sau biyu aka zauna har da maigida, ya ji da kunnensa cewa ba da gangan nake ba. Yanzu in hadari ya taso shi ke tuna min numfashin.

Ina ƙara gode muku kan haƙuri da matsalar sabis, in bidiyo ya yanke sai ku kira ni kai tsaye ba ku taɓa nuna gajiya ba, ga riƙe sirri, ko maƙwabciyata ba ta sani ba sai da na faɗa mata da kaina.

Ban ce na warke tas ba, tsawa mai ƙarfi har yanzu tana ɗaga min hankali. Amma ruwan da aka kwana ana yi a Agustan nan, na farka, na yi ƙirgena, na koma barci sai kiran asuba, yara na kan katifarsu ba takalmi.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa, ya ƙara buɗi.

Taku,
wata uwa daga Gwange