Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni zancen Galmi

Ƙanena, barka da aiki.

A taronmu na ma'aikatan jinya ka miƙe gaban jama'a ka yi mini tambaya biyu: me ya kai ni aikin sa-kai a asibitin mishan a Nijar alhali namu asibitocin na kukan ƙarancin ma'aikata, sannan magani muke kai wa mutane ko wa'azi? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa mai gamsarwa ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Asibitin da na je shi ne na Galmi, yana jihar Tawa, kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe shi a 1950, ita ce kuma tushen cocinmu na ECWA, don haka tun ina yarinya nake jin sunansa. Hutuna na shekara na kwashe na tafi, ban bar wani majinyaci babu mai kula da shi ba.

Da damina na isa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kayar da yara. Wata uwa ta shigo da ɗanta a goye, jikinsa kamar garwashi. Na zagaya masa ma'aunin kaurin dantse, wanda ake gane rashin abinci mai gina jiki da shi, ya faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani, kamar yadda suke kiranta a can. Likitan da ke duba shi baƙo ne, gwani ƙwarai, amma Hausarsa ba ta nuna ba. Uwar sai "to, lokotoro" take ta cewa, ba ta gane komai ba. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Baiwar Allah, yaushe rabonsa da nono?" Nan take bakinta ya buɗe. Ashe kwana uku yana amai, kuma an ɗura masa jiƙo a gida. Wannan bayanin ya canza yadda aka kula da yaron. Ƙanena, a ranar na gane Hausata ce babban abin da na kai musu, ta ma fi takardata amfani.

Zancen wa'azi kuwa, ba zan ɓoye maka ba. Ni Kirista ce, bangaskiyata ce ta tashe ni daga gida, kuma da addu'a muke buɗe aiki kowace safiya. Amma yawancin waɗanda na yi jinya Musulmi ne, kuma ban taɓa tambayar kowa addininsa kafin in sa masa ƙarin ruwa ba. Mai ciwo ba ya iya ce maka a'a, shi ya sa nake ganin cin amana ne a haɗa masa allura da sharaɗi. Uwar nan ma ni na riƙe mata yaron ta je ta yi La'asar.

Gaskiyarka, gida ma akwai buƙata, shi ya sa wata goma sha ɗaya ina nan tare da ku. Damina mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan sake bi ta Illela. In kana so ka gani da idonka, mu tafi tare.

Yayarka a wurin aiki.