Rahoton ayyukan shekara: makarantar Asabar, zumunci, da ziyarar gidan su Wright

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan kwamiti, da sauran 'yan'uwa maza da mata mazauna Columbus ta jihar Ohio a Amurka da kewaye, ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta gudanar a bana, daga hannun sakatare. Lissafin kuɗi ba ya ciki, ma'aji zai karanta nasa a zaman gaba.

Ayyukan da muka saba sun tafi yadda ake so. An yi buɗa-baki na haɗin gwiwa a watan azumi, an yi walimar ƙaramar Sallah da ta babba, an je suna, an je ta'aziyya. Allah ya raya abin da aka haifa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Makarantar Hausa ta ranar Asabar ba ta tsaya ba ko a tsakiyar hunturu, kuma godiyar wannan ta iyayenmu mata ce da ke kawo yara cikin ƙanƙara. Matsalarta har yanzu ɗaya ce: ajin manyan yara ba shi da tsayayyen malami.

Daga wannan ajin ne babban aikin bana ya fito. Wata ɗaliba ta tambayi dalilin da ya sa lambar motocin Ohio ke ɗauke da kirarin cewa nan ce mahaifar sufurin sama, alhali a makarantar boko an ce mata a North Carolina jirgi ya fara tashi. Aka ba ta amsar da aka sani: 'yan'uwa biyu da suka tashi jirgin, Wilbur da Orville Wright, mutanen Dayton ne ta nan Ohio, a can suka ƙera jirgin, iska mai ƙarfi da yashi mai taushi kawai suka je nema a Kitty Hawk ta North Carolina. Ta ce to a kai su su ga gidan mana, tun da tafiyar ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Kwamiti ya amince, muka sa rana a watan Agusta, watan da aka haifi Orville, ranar 19, a 1871.

A nan dole in amsa laifina. Ni na tsara tafiyar, na nemo adireshi, lamba 7 titin Hawthorn, ban ƙara bincika komai ba. Muka isa da yara da kulolin abinci, muka tarar babu gida. Fili ne kawai, da ɗan guntun baranda da aka kwaikwaya, da allunan bayani. Ashe tun 1936 Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya saye gidan da shagon kekunansu na titin West Third, aka kwance su aka kwashe zuwa Greenfield Village a Dearborn ta jihar Michigan, inda yake tara tsofaffin gine-ginen tarihi. An buɗe su a can ranar 16 ga Afrilu 1938, Orville na wurin. Ɗaya daga cikin dattawanmu ya dube ni ya ce, "Malam sakatare, matambayi dai ba ya ɓata." Na karɓa, don gaskiya ya faɗa.

Duk da haka ranar ba ta tafi a banza ba. 'Yan taku kaɗan daga filin akwai wani shagon nasu na keke a titin South Williams, wanda suka yi aiki a ciki daga 1895 zuwa 1897, kuma yana nan inda yake. A unguwar ne yara suka ji cewa kafin keke 'yan'uwan maɗaba'a suke da ita, har sun buga wa abokin karatun Orville, baƙar fata, mawaƙi Paul Laurence Dunbar, jaridarsa a 1890. Wannan ya ja hankalin matasanmu fiye da yadda na zata.

Da muka dawo aka yi muhawara mai zafi kan ko a bi gidan har Dearborn. Wasu suka ce kuɗin mai da na shiga sun yi yawa a kan gidan katako. Masu cewa a je suka rinjaya, kuma ba zan ɓoye ba, halal ɗin garin da masallatansa sun taimaka wajen shawo kan iyaye. Muka tafi a watan Satumba, tafiyar sama da awa uku.

Abin da ya fara ba kowa mamaki shi ne ƙanƙantar gidan. Bene ne siriri na katako, irin wanda ba za ka waiwaya ka sake kallo ba in ka wuce shi a hanya. Barandar da ta zagayo gabansa su Wilbur ne suka ƙera ta da hannunsu. A cikinsa aka haifi Orville, aka haifi ƙanwarsu Katharine a rana ɗaya da shi bayan shekara 3. A cikinsa mahaifiyarsu Susan ta rasu da tarin fuka a 1889, bayan Wilbur ya yi shekaru yana jinyarta. A cikinsa shi ma Wilbur ya cika a 1912, zazzaɓin taifod ne ajalinsa, yana da shekara 45. Mahaifinsu Milton babban limamin coci ne mai yawan tafiye-tafiye, ita kuwa Susan 'yar maƙerin keken doki ce, kuma ita ce mai basirar gyare-gyare a gidan. Da aka faɗi haka sai wata daga cikin iyayenmu mata ta ce, "Kun ji ko? A nono suka sha." Aka yi dariya, amma maganar ta zauna.

Ni dai shagon kekunan da aka kai Dearborn ya fi tsaya mini a rai. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran keke a gida zai gane wurin: sarƙoƙi, tayoyi, teburin aiki, ƙamshin mai. Babu ɗaya daga cikin su biyun da ya karɓi takardar kammala sakandare. A 1899 Wilbur yana murɗa wani dogon kwali da ake sa robar cikin taya sai ya gano yadda za a riƙa karkata fiffike don a sarrafa jirgi a sama. A 1901, da suka ga lissafin magabata ba ya fitar da su, suka haɗa akwatin katako mai tsawon ƙafa 6, fanka na hura iska a ciki, suka gwada ƙananan fikafikai kusan 200. Injin kuwa ma'aikacin shagonsu Charlie Taylor ne ya ƙera shi cikin mako 6, mai ƙarfin doki 12, kuma sarƙa irin ta keke ce ke juya farfela biyun. Ranar 17 ga Disamba 1903 Orville ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci ƙafa 120. A tashi na huɗu Wilbur ya yi daƙiƙa 59, ƙafa 852. Saƙon wayar tangaraho da suka aiko wa mahaifinsu wannan ƙaramin gidan aka kawo shi, har ma an yi kuskure a ciki aka rubuta daƙiƙa 57 maimakon 59.

A hanyar dawowa wani dattijo ya tuna mana cewa a watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, wato shekara 22 kacal bayan wancan tashi na daƙiƙa 12. Daga nan hira ta koma kan yadda muke raina sana'ar hannu. Kowa ɗansa likita ko lauya yake so ya zama, in yaro ya kwance rediyo sai a yi masa faɗa. Ban ce mun yi ittifaƙi ba. Amma biyu daga cikin 'yan'uwanmu makanikai sun ɗauki alkawarin koya wa yara gyaran keke sau ɗaya a wata bayan darasin Hausa, kuma an riga an fara. A ganina wannan ya fi duk hotunan da muka ɗauko amfani.

Ƙorafi ɗaya nake da shi: lattin fitowa. A tafiyar Dearborn mun ɓata kusan awa guda muna jiran mutane, shi ya sa ba mu leƙa sauran gine-ginen ba. Kwamiti ya yanke cewa nan gaba mota za ta tashi a kan lokaci.

Na baɗi, kwamitin matasa ya kawo shawarar a koma Dayton a ga filin Huffman Prairie, inda suka ƙware a tuƙi a 1904 da 1905, da jirginsu na 1905 da ke ajiye a Carillon Historical Park. Wannan karon na tabbatar suna nan ba a kwashe su ba. Muna neman masu motoci da za su ba da kansu, da malami ga ajin manyan yara, da tsofaffin kekuna ko da sun lalace. Wanda ake bi kuɗin wata-wata ya ga ma'aji kafin zama.

Wassalam,
Sakatare