Siki Ba Ya Jin Kira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan ludo, ko da wasu za su ce dattijo ya rasa abin faɗa.

Shekara 28 na yi ina koyar da lissafi a sakandare kafin in yi ritaya. Yanzu kullum bayan La'asar yaran unguwa na baje allon ludo a ƙofar gidana. Ran Asabar sai da na raba faɗa, don jikana ya jefa sau biyar siki, wato shida da ke fito da ɗa daga gida, bai fito ba, ya rantse abokinsa ya tofa wa ƙwayoyin wani abu. Na ce ya ɗauko takarda da biro.

Da ƙwaya biyu muke wasa a nan, kowace fuska shida gare ta. Shida sau shida 36, iyakar yadda za su iya faɗuwa ke nan. A ciki 11 ne kawai ke ɗauke da siki, sauran 25 wayam. Wato a jifa goma, kusan bakwai ɗanka na zaune a gida. A jera biyar babu siki kuwa, yana samun mutum kusan sau 16 cikin 100. Ina asiri a nan? Kuma ƙwaya ba ta da tuni. Wanda ya rasa sau biyar, a na shida ma 11 cikin 36 ɗin ce rabonsa, ko ya hura wa gwangwanin iska ko ya buga shi da ƙasa.

Inda yaran suka yi tsit shi ne da na zo kan kisa. Suna gudun tsayawa dab da gaban abokin wasa, alhali gida ɗaya a gabansa hanya 11 ce ta cinye ka. Gida shida ya fi haɗari: ga 11 na siki, ga biyar na haɗi, irin 1 da 5, 2 da 4, 3 da 3, jimla 16, muddin yana da wani ɗan da zai ba ɗaya ƙwayar. Matsa gida ɗaya kacal zuwa bakwai, sai hanyoyin su koma shida, tunda dole sai an haɗa ƙwayoyin. Gida 12 kuwa sai siki biyu, ɗaya cikin 36.

Wannan lissafi ba ƙaramin abu ba ne. Wasiƙun da masana lissafi Pascal da Fermat na Faransa suka yi wa juna a 1654, waɗanda ake ɗauka tushen ilimin yiwuwar aukuwa, daga tambayoyin wasan ƙwaya suka taso. Su wani ɗan caca ne ya kai wa Pascal tambayar. Mu a ƙofar gidana ko kwabo ba a sawa, na hana.

Roƙona ga 'yan'uwana malamai: in darasin yiwuwar aukuwa ya zo, a shiga aji da ƙwaya biyu, a sa yara su jefa sau ɗari su ƙirga da kansu. Na yi shekaru ina cika allo da alli ana hamma, ban taɓa ganin an fahimta da sauri irin na ran Asabar ba. Jikan nawa dai har yanzu yana hura wa gwangwanin iska, amma ya daina tsayawa gida shida.

Naka,
Tsohon malamin lissafi,
Tudun Wada, Zariya.