Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Kasuwanci Na Nijar: A Duba Mana Hanyar Kano

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Daga Damagaram nake rubuto maka a kan kuɗin hanya, wanda ya zame mana haraji na biyu a kan duk kayan da aka ƙera a ƙetare.

Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kwantenar da ta taso daga Sin sai ta sauka a Lome, ta ratsa Togo da Burkina, ta jira rakiyar sojoji, kafin ta shigo Yamai. Wannan kaɗai ya haura kilomita 1,000. Daga Yamai zuwa nan kuma saura kusan 900. Gazuwal, taya, kwanakin da direba zai yi a hanya, duk a kan mai saye suke ƙarewa a kasuwar Dole.

Kuma nisa ba ya cin kaya daidai wa daida. Wayar salula ba ta da nauyi, kuɗin mota bai dame ta ba. Kwanon rufi, rodi, tayil, injin ban ruwa, su ke shan wuya, domin nauyinsu ya fi kuɗinsu. Ka ga ke nan mai ginin ɗaki da manomin rani ne ke biyan nisan. Haka abin yake in mu ne masu sayarwa: takalmi ko jakar da dukawanmu suka ɗinka da fatar da aka jeme a nan, kafin su kai bakin teku tsada ta kashe musu kasuwa.

Alhali Kano tana nan kimanin kilomita 240 daga gare mu. An buɗe tashar tsandauri ta Dala, wato tashar sauke kwantena a kan tudu, a can a 2023, daga Legas zuwa Kano kuwa kusan kilomita 1,000 ne. Tun zamanin ayarin raƙuma kakanninmu hanyar Kano suke bi.

Na san akwai tsamin dangantaka da batun tsaro, ban raina su ba. Roƙona shi ne a zauna da hukumomin Najeriya a amince da takardar wucewar kaya guda ɗaya daga Legas har Damagaram, a rage shingaye, a ƙara ma'aikatan duwan a Ɗan Barto, bakin iyakarmu da Najeriya, don kada mota ta kwana tana jiran hatimi. Jirgin ƙasan da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ma, a sa Damagaram cikin lissafinsa tun yanzu.

Allah ya yi maka jagora.

Wani ɗan kasuwa, Damagaram.